Ciwon da Kika Ɗora Mini a Levuka

Levuka, ranar Alhamis da hantsi

Zuwa ga Torika uwar Arieta, sanyin idona, ƙoramar da ba ta taɓa ƙafe mini ba shekara arba'in da ɗaya, inuwar da nake gudu zuwa gare ta in rana ta tsaya a tsakiyar gona. Ya raɓar da ke kwana a kan ganyen gwaza, ya ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko, ya kurciyar da ke kuka a cikin gora ta sa mai noma ya ɗaga kai ya manta da ciwon baya! Ina gaishe ki gaisuwar da na kasa yi miki da baki tun ranar Litinin.

Kada ki yi mamakin samun takarda daga mutumin da bangon katako ɗaya ne tsakaninki da shi. A gidan surukanmu ba a barin mara lafiya shi kaɗai, kin kuwa san wanda ya mai da ni mara lafiya. Na ce musu ina son iskar teku, Unaisi, uwar mijin 'yarmu, ta ce ai ita ce maganin, ta rako ni har katangar bakin ruwa ta zaunar da ni kamar ƙwai, ta koma. A nan nake rubuta miki, littafin ajinmu na yaƙi da jahilci na yamma a kan gwiwata. Zan sa takardar a cikin kwandon saƙarki. Ki karanta ta ke kaɗai.

Bari in fara da farin ciki, don ya cika mini ƙirji har yana hana ni yin fushi yadda ya kamata. Mun yi jika, Torika! Arieta tamu, wadda jiya jiya take bin mu gona tana cin ayaba ɗanya, ita ce yau da ɗa a hannu. Kin duba kunnuwansa da kyau? Kunnuwan babana ne, har da ɗan lanƙwasar nan ta sama. Kin ga yadda yake dunƙule hannu kamar ya riga ya kama ƙotar fartanya? In ya yi hamma sai in ji kamar a fito da ganga. Da a ce ina ƙauyenmu na kan tudun Wainibuka, da na bi gida gida ina buga ƙofa har sai karnuka sun gaji da ni. Allah ya raya mana shi, ya ba shi ƙashi mai ƙarfi da zuciya mai taushi.

To, amma ke fa, hasken ɗakina, me na yi miki?

Ranar Talatar makon jiya na sauko daga gonar sama da yamma, na tarar da murhu a sanyaye, tabarmin da kika yi wata shida kina saƙa wa jaririn babu ko ɗaya. Maƙwabciyarmu ce ta leƙo ta kan shinge ta ce an bugo miki waya, Arieta ta sauka lafiya, namiji ne, kin kama bas ɗin safe, kin ce in kula da shanu. In kula da shanu! Wannan ne saƙon da kika bar wa mutumin da ya zama kaka a ranar? Gonar sama tafiyar rabin awa ce. Da kin tsaya a bakin rafi kin ƙwala kira, da na ji.

Na san abin da za ki ce, gara in riga ki faɗa. Sau uku muna shirin zuwa tsibirin nan tun da aka kawo Arieta, sau uku ina samun dalili. Sau ɗaya gwaza ce ke son shuka, sau ɗaya saniya ce ta kusa haihuwa, na ukun ma na manta abin da na ƙirƙiro. Ke kaɗai kika san gaskiyar: tun da teku ta ɗauke yayana Ilaitia ina saurayi, ba ta ko mayar mana da gawarsa ba, ƙafata ba ta yarda ta taka abin da ke yawo a kan ruwan gishiri. Kogi ban damu da shi ba, na sha tuƙa kwale-kwalen gora a Wainibuka yana cike. Teku ce. Ban musa ba.

Amma wannan karon na gaya miki zan je. Na gaya miki a gaban kwakwar nan da na ajiye a gefen madafa tun ranar da Arieta ta ce tana da ciki, wadda ke da kanki kike zuba wa ruwan wanke-wanke har ta tsiro. Mun yi magana, ni da ke, cewa in cibiyar yaron ta faɗi zan haƙa rami a bayan ɗakin uwarsa da hannuna, in binne ta tare da kwakwar, ya tashi da itacen da ya fito daga ƙasar kakansa. Na sa malamar ajinmu ta taya ni kwafe lokutan bas da na jirgi, ga su nan a shafin baya na littafin nan, da jan biro. Na nuna miki. Kika ce “to,” irin “to” ɗin da ake ce wa yaro in ya ce gobe zai kama wata. Ashe tun a lokacin kin gama yanke hukunci a kaina.

Kwana biyar ina jiran ki kira ki ce in taho. Ba ki kira ba. Ranar Litinin na damƙa shanu a hannun ɗan ƙanena, na ɗaure saiwar yangona, wadda baƙo ke miƙawa a jiƙa a sha a wurin gaisuwa, a takarda, na naɗe kwakwar a tsohon zanenki don kada tsiron ya karye, na tsaya a bakin hanya.

Ina so ki san yadda na zo, don ba ki tambaye ni ba. Bas ɗin farko irin namu ne mara gilashi, ruwa ya kama mu a gangaren, aka saki tamfol, muka zauna a duhu da warin jiƙaƙƙen buhu da kukan kaji. A Korovou na jira awa uku a ƙarƙashin rumfa. Na ci rogon da na dafa, na sayi gurasar roti mai kabewa guda ɗaya don bakina ya daina ɗaci. Na yanki tikitin nan mai araha da ya haɗa bas da jirgin fito, wanda talakawa ke bi, na karanta abin da ke jikinsa da kaina ba wanda ya karanta mini. Muna tafiya hanya tana sauka, tana sauka, muka wuce tsofaffin coci-coci da kaburburan sarakunan bakin gaɓa, iska ta fara canza wari. Tun kafin in ga ruwan na san mun iso tashar jirgin Natovi.

Jirgin yana nan a tsaye, bakinsa a wangale kamar kogo, manyan motoci suna shiga ciki ɗaya bayan ɗaya. Wata mata mai kai doya kasuwa ce a gefena, ƙatuwa, mai yawan dariya. Tun a hanya take kallon abin da na rungume. Da ta gane ko mene ne sai ta ce, “Baba, kwakwa za ka kai Ovalau? Gobe kuma sai ka kai wa teku gishiri.” Na gaya mata dalili. Sai ta gyara mini zanen a kan tsiron. Da aka ce kowa ya sauka daga bas ya hau saman jirgin, ta ga na tsaya a bakin ƙarfen nan da ake takawa a shiga jirgin ina kallon ruwan da ke motsi a tsakaninsa da gaɓa. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta ce buhunta ya yi mata nauyi, in taimaka in kama mata gefe ɗaya, mu mutanen tudu ai ba mu da aiki sai ƙarfi. Haka na shiga jirgi, Torika, hannu ɗaya da kwakwa, hannu ɗaya da doyar wata.

Na yi amai sau ɗaya, ba zan ɓoye ba. Na kira sunan Ilaitia a zuciyata. Matar ta ce in bar kallon ruwa, in kalli tsibirin. Na ɗaga ido na ga Ovalau can gaba, shuɗi, da gajimare a kansa kamar hula, yana girma a hankali har na fara rarrabe itatuwa. Kin san abin da ya riƙe ni a tsaye duk tsawon awar nan? Fuskarki. Ina ta zana yadda za ki yi in kin gan ni: za ki saki abin da ke hannunki, za ki rufe baki da tafi, za ki ce wa mutanen gidan, ga mijina, ya ƙetaro. Da wannan na sauka a Buresala, da shi na jure wa bas ɗin da ya zagaya tsibirin a kan hanyar da ta kusa zubar mini da haƙora. Muka shigo garin nan rana tana faɗuwa, shagunan katako a jere suna fuskantar ruwa kamar tsofaffi a wurin zaman makoki, warin masana'antar kifi ya tare mu. Na tambayi gidan Waisake, uban mijin Arieta, na haura da jakata a kafaɗa, ko haki ban yi ba.

Waisake ne ya fara ganina. Ya miƙe da sauri har ya ture kwanon da ke gabansa, ya ce, “Baban Arieta, wa ya bar ka ka taso a wannan hali? Kai kaɗai, da wannan jikin?”

Ban gane ba. Na duba bayansa na gan ki a ƙofar ɗaki da tawul ɗin jariri a hannu. Ba ki saki komai ba. Ba ki rufe baki ba. Idanunki ne kawai suka roƙe ni, irin roƙon da ban taɓa iya ƙi ba. Unaisi tana ta faɗin yadda kika ba su labari: hawan jini ya kayar da ni a gona, hannuna na rawa, ƙafata ɗaya ba ta ɗauka, likita ya hana ni tafiya. Har an yi mini addu'a a cocinsu ranar Lahadi. Na tsaya da ƙafafun da suka hau gonar sama shekara hamsin, na dube ki, sai na dafa ƙyauren ƙofa na yi tari. Wa zai ƙaryata matarsa a gaban surukai tun bai ko miƙa yangonar gaisuwa ba?

Tun daga lokacin nake jinya. An ba ni sandar marigayiya uwar Waisake. Ana dafa kifi da madarar kwakwa, ana fito da gwaza tana tururi, ni kuwa romo ake miƙo mini ba gishiri, ke ma kina kallo. Unaisi tana murza mini ƙafar hagu da mai safe da yamma, kuma sai da na tsaya na tuna ko hagun kika ce musu ko dama. Waisake mutumin kirki ne, ba ya barin tsokana ko a gaban mara lafiya. Ya ce mutumin tudu ya ga teku sau ɗaya, jininsa ya ƙara hawa, gara a rufe taga kada in ga ta biyu. Na yi dariya tare da su. Duk wannan zan iya haɗiyewa, farin watana, ba shi ne ya sa ni ɗaukar biro ba.

Abu uku ne suka tsaya mini a wuya.

Da na tambayi cibiyar, Waisake ya ce ta faɗi ranar Asabar, sun kai ta bayan duwatsun murjani sun saka a ruwa, yadda mutanensu ke yi don yaro ya tashi ba ya tsoron teku. Ya gode mini, wai kin ce na aiko a yi yadda suka saba. Ni na aiko? Yaushe? Da bakin wa? Ba na jin haushin teku ta samu rabonta a jikana, ubansa ɗan ruwa ne, wataƙila ma da an tambaye ni da na yarda. Amma a tambaye ni! Kin ɗauki muryata kin yi kyauta da ita ina can ina ba shanu ruwa.

Kwakwar kuma, na ajiye ta a bayan ƙofa, tunda aikinta ya wuce. Washegari Unaisi ta gan ta, ta ɗauka guzuri ne na taho da shi. Ta fasa ta, ta ciro farin soson nan mai zaƙi da ke cikin kwakwa in ta tsiro, ta kawo mini a faranti, ta ce abu ne mai laushi, ya dace da mai jinya. Kina zaune a wurin. Na cinye shi tas, ina kallonki, kin sunkuyar da kai kina ninke tsummokin da kin riga kin ninke.

Na ukun shi ne wanda ya fi. Sau biyu kacal aka ɗora mini yaron a cinya, da matashi a ƙasa, da hannun Unaisi a ƙarƙashin kansa, kafin in gama jin ɗuminsa an ɗauke, kada hannuna ya yi rawa. Hannun da ke kayar da ɗan maraƙi! Kuma jiya Waisake ya gaya mini, cikin kyakkyawar niyya, cewa da sunan mahaifinsa suka yi nufin sa wa yaron, amma da suka ji halin da nake ciki suka ce a sa Livai, don sunan ya zauna. Kin ji? Takwarana ya samu sunana ne saboda ana zaton ina bakin kabari. Na yi kukan daɗi a gabansu, kukan kuwa na gaske ne, sai dai akwai wani a ƙarƙashinsa.

Kin tuna Natovi ta farko? Sati biyu da aurenmu, kina sanye da rigar nan mai furanni rawaya, kin soka fure a bayan kunne, na yi miki alkawarin zan kai ki ki ga tsohon garin nan. Muka zo har bakin jirgi, ƙafata ta ƙi. Mutane suna turowa ta baya, wani yana cewa ango ya matsa. Sai kika dafe ciki kika durƙusa kika ce ciwo ya murɗe ki, ba za ki iya hawa ba. Mata suka yi ta yi miki sannu, suna yaba mini da na haƙura da tafiya saboda amarya. Muka zauna a gindin wani itacen mangwaro muna shan rake har bas ya dawo, ba ki ce mini uffan a kan maganar ba, a ranar ko bayanta. A wannan yinin na san na auri wadda ta fi ni. Na san kuma abin da kika so yi ke nan a wannan karon, ki rufa mini asiri a gaban mutanen ruwa kada su ce kakan yaron matsoraci ne. Amma a wancan karon ke kika ɗauki ciwon a jikinki. Wannan karon ni kika ɗora wa, ba ki ko gaya mini ba, kuma a daidai lokacin da na warke.

Ga abin da nake roƙo, ya itacen da na jingina da shi duk rayuwata. Ranar Lahadi za a fara kai yaron coci a sa masa albarka, kakan da aka sa wa yaron sunansa shi ke ɗaukarsa ya shiga da shi. Cocinsu yana kan tudu. Waisake ya riga ya ce zai ɗauka a madadina, ni kuma a kawo mini kujera a ƙasa in ji waƙa daga nesa. Yau da asuba, kafin gidan ya tashi, na jingine sandar a bayan tankin ruwa na je na hau matakalar cocin. Tamanin da bakwai ce. Na hau na sauko, na sake hawa da dutse mai nauyin jariri biyu a hannuna, ban tsaya ko sau ɗaya ba.

Ni ba zan iya tona maganar ba, don in na tona ke na kunyata, kuma gara in mutu a kan tabarmar jinya da in yi haka. Ke ce za ki buɗe ta. Akwai sauran saiwar yangona a ƙasan jakata. Ranar Asabar da yamma, in an zauna, ki ɗauko ta ki ajiye a gaban Waisake da Unaisi yadda ake yi in za a nemi gafara. Ba ke kaɗai za ki durƙusa ba, zan durƙusa a gefenki. Ki faɗi naki, cewa lafiyata ƙalau. Ni kuma in faɗi nawa, wanda kika rufa mini asirinsa shekara arba'in da ɗaya: cewa tsoron teku nake yi, shi ne ya hana ni zuwa ganin 'yata sau uku. Waisake zai yi mini dariya har ƙarshen rayuwarsa, na sani, zai ba jikokinsa labari. Ya yi. In suna so su canza wa yaron suna bayan sun ji, hakkinsu ne, ba zan yi jayayya ba. Ni dai a bar ni in ɗauke shi da hannuna biyu, ba matashi, ba hannun kowa a ƙasa.

Ina fushi da ke, Torika, fushin da ban taɓa yi ba, kuma ban san inda zan ajiye shi ba, don duk inda na saba ajiye damuwata wurinki ne. Kogi yana iya yin fushi da gaɓarsa? In ya yi, ina zai kwana? Ko yanzu da nake rubuta wannan, na hango ki kin fito shanya a bayan gida, iska tana kaɗa miki furfura, zuciyata ta yi irin tsallen da ta yi a gindin mangwaron nan, ba ta ko nemi izinina ba.

In kin iya, Allah ya ba ki ƙarfin baki. In kuma kin kasa, ba zan tilasta miki ba, ba kuma zan sake tayar da maganar ba. Ranar Lahadi zan zauna a kujerar da za su kawo, in kalli Waisake yana hawa da jikana har su shige, in ɗingisa zuwa bas ranar da za mu koma, da ƙafar hagu, yadda kika ce. Ba wanda zai ji komai daga bakina, a nan ko a gida, har a binne ni. Abin da kika faɗa a kaina zan riƙe miki shi kamar yadda na riƙe alkawarin da na yi miki a gaban Allah, ko da ya fi shi ciwo.

Amma ina jiran Asabar.

Naki tun farko, naki har numfashi ya ƙare,
mijinki mai lafiya lau,
Livai